Kafin ka kanga wa mai sarewa makirufo

Da an gama girbi a Farin Dutse da ƙauyukan Gwaram, bukukuwa kan biyo baya, kuma duk mai biki yanzu sai ya yi hayar lasifika da janareta, wani lokaci daga Birnin Kudu ake ɗauko su. Mawaƙi da mai kalangu ba su cika samun matsala ba. Wanda ke shan wahala shi ne mai sarewa. Da ya sa baki sai ka ji fuu-fuu kamar ana hura wuta, can kuma lasifika ta ƙwala wani ƙara mai tsinin allura, yara su toshe kunne. Sai mai kula da na'ura ya ƙara murya, abin ya ƙara lalacewa.

Laifin ba na mai busa ba ne. Sautin sarewa ba ta gindinta kaɗai yake fita ba. Mafi yawansa yana tashi ne daga bakinta, inda iska ke tsagewa, da kuma ramukan da yatsu suka buɗe. Wanda ya kanga makirufo a gindi zai samu siririyar murya, wanda kuma ya sa shi daidai saitin leɓe iska zalla zai kwasa. A kafa shi a kan sanda, nesa da bakin sarewar kamar faɗin yatsu huɗu zuwa taƙi guda, a ɗan sama ko a gefe, yadda numfashi zai wuce bai doke shi ba. Kada a ba wani yaro ya riƙe, hannu na gajiya, tazarar tana sauyawa. A lulluɓe kansa da soso, musamman da hunturu, don iskar arewa ba ta jin bari.

Makirufon kansa iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda masu na'ura ke kira dainamik, irin Shure SM58 da ya fito a 1966 da yayansa SM57: ba ya buƙatar wuta, yana jure ƙura da faɗuwa, kuma abin da ke gabansa ya fi ji. Akwai kuma kondensa, mai kaifin ji, wanda ake naɗar sarewa da shi a ɗakunan waƙa na Kano. Shi yana son wutar bolt 48 daga mikisa, wato na'urar haɗa sauti, ko kuwa batir, kuma a fili yakan kwaso kukan janareta da hirar 'yan kallo. A ganina, a dandalin ƙauye na farkon ya fi, ko da bai kai ɗayan daɗin murya ba. A dai yi hattara, jabun waɗannan sunaye sun cika kasuwa. Wanda aka sayar maka da arha ƙwarai, tuhume shi. Mai busa da ke rawa yana zagaya fili, shi ne mai buƙatar ƙaramin makirufo maras waya da ake maƙalawa a kai, da sabon batir.

Shi kuwa ƙaran nan mai tsini, makirufo ne ke jin lasifika, ya mayar mata, ta sake dawo masa. Maganinsa lasifika ta kasance gaban mai busa tana kallon jama'a. Idan ya taso a rage murya, a rage siririn sauti a mikisa, kada a dunƙule kan makirufo da tafin hannu, hakan ƙara shi yake yi.

Algaita da usur ba su cika buƙatar taimako ba. Algaitar da ake ji daga nesa a hawan sallar Dutse, me za a ƙara mata?  Idan dole ne, a ja makirufo baya kamar kamu guda.

Dalilin wannan ja-kunne shi ne kunnen kansa. Ya fi jin zafin siririn sauti, wurin da usur da lasifikar ƙaho suka fi ƙarfi. Ma'aunin masana shi ne ƙarar desibel 85 ana iya jure ta awa takwas, amma ta 100 minti 15 kawai, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 100 ɗin a matsayin iyaka ga wuraren kiɗa. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Idan ka tashi daga biki kunnenka na ƙugi, ya ji jiki ke nan. Uwa mai goyo ta nisanci gaban lasifika, a kuma kori yaran da ke zama a gindinta.

Saura wuta. Idan makirufo ya ɗan ja ka a leɓe ko a hannu, to wuta na zuba a jikin na'urar. A kashe janareta nan take, a kira mai gyara, kada kowa ya taɓa shi ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.