Led Zeppelin: Tarihin faya-fayansu da dalilin da ya sa MP3 ke rage musu armashi

A shekarar 1968 wasu matasa huɗu suka kafa ƙungiyar Led Zeppelin a birnin Landan: Jimmy Page mai kaɗa jita, Robert Plant mai rera waƙa, John Paul Jones mai jitar bas, da John Bonham makaɗin ganga. Faifansu na farko ya fito a Janairun 1969, na biyu kuma a Oktoban shekarar, sai na uku a 1970. Na huɗu, wanda aka fitar a Nuwamban 1971, ba a rubuta masa suna a bango ba, amma shi ne ya fi kowanne kasuwa, kuma a cikinsa waƙar Stairway to Heaven take. Daga nan Houses of the Holy ya biyo baya a 1973, Physical Graffiti mai faifai biyu a 1975, Presence a 1976, da In Through the Out Door a 1979. Bonham ya rasu a Satumban 1980, sauran ukun suka ga ba za su iya ci gaba ba tare da shi ba, suka wargaza ƙungiyar a Disamba. Coda na 1982 tarkacen waƙoƙin da suka rage ne.

Abin da ya sa masu son sauti mai inganci ke yawan gwada na'urorinsu da waɗannan faya-fayai shi ne yadda aka naɗe su. Page da kansa ya jagoranci naɗin, kuma yana son a ji ɗakin da aka yi kiɗan, ba kayan kiɗan kaɗai ba. A waƙar When the Levee Breaks, an ajiye gangunan Bonham a zauren wani tsohon gida mai suna Headley Grange, aka rataya makirfo biyu a saman matakalar bene. Amon da ke dawowa daga bango shi ya ba gangar nauyinta.

Irin wannan amo ne MP3 ke fara taɓawa. Domin fayil ya ƙanƙance, tsarin yana zubar da sassan sautin da ake ganin kunne ba zai lura da su ba, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, MP3 kuwa iyakarsa 320, kuma waƙoƙi da yawa da masu tura waƙa ke lodawa a katin waya ba su kai haka ba. Tsarin FLAC, wanda ya fito a 2001, shi ma yana matse fayil, sai dai ba ya yar da komai. Idan an buɗe shi, sautin yana komawa daidai yadda yake a asali. Tsadarsa a wurin ajiya da data take. Waƙa mai minti 8 kamar Stairway to Heaven tana cin kusan megabait 80 a CD, wajen rabin haka ko sama kaɗan a FLAC, amma ba ta kai megabait 8 ba a MP3 mai kilobit 128.

Sai dai a nan ne mai saye ke iya asarar kuɗinsa. Duk wanda ya mayar da MP3 zuwa FLAC ya ƙara wa fayil girma ne kawai, ingancin yana nan yadda yake, don haka sunan fayil ba shaida ba ne. Haka kuma yawancin lasifikokin Bluetooth suna sake matse sautin kafin ya iso kunne, wanda ke nufin wayar iyafis mai kyau ta fi su amfani a nan. A cikin hayaniyar kasuwa ko ƙarar janareto, da wuya mutum ya bambance FLAC da MP3 mai kilobit 320.

Akwai kuma batun wane bugu aka samu, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci. Page ya sake gyara sautin faya-fayan a 1990, sannan ya sake yi tsakanin 2014 da 2015, inda aka sayar da su har a tsarin da ya zarce na CD. Bugunan ba su yi daidai a kunne ba, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya fi fitowa fili fiye da wanda ke tsakanin FLAC da MP3 mai kyau.