Jirgin Ƙasa, Siyasar Shiyya da Makomar Biranen Nijeriya

A duk lokacin da gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar shimfiɗa sabon layin dogo a Nijeriya, muhawarar da ke biyo baya takan taru a kan tambaya guda, wato wace shiyya aka ba, wace kuma aka hana, har a wayi gari ana kallon digar jirgi tamkar wani kaso ne daga cikin rabon arzikin ƙasa. Wannan tambaya tana da hujjarta a ƙasar da ake ciwo bashi da sunan kowa domin a yi aiki a wani yanki, amma ta daɗe tana danne wasu da suka fi ta shafar rayuwar mai shiga jirgi, irin su wurin da za a ajiye tasha, da abin da zai kai fasinja daga ƙofar gidansa zuwa can, da kuma wanda ƙasar da ke kewaye da tashar za ta faɗa hannunsa.

Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa dogo ne domin fitar da amfanin gona da ma'adinai zuwa bakin teku, jigilar mutane kuwa ta biyo baya. Layin da ya taso daga Legas ya isa Ibadan a 1901, wani kuma da aka fara daga Baro, a gaɓar kogin Kwara, a zamanin Gwamna Girouard, ya isa Kano a 1911, sannan aka haɗe su a Minna, ta yadda daga 1912 kaya na iya tashi daga Kano su sauka a Legas. Auduga Turawa suka sa wa rai domin masaƙun Ingila, sai manoman ƙasar Kano suka auna farashi suka koma wa gyaɗa, wanda shi ne asalin dalar gyaɗa da ta zama tambarin birnin shekaru da dama. Daga baya aka fitar da reshe daga Zariya zuwa Gusau da Ƙaura Namoda a 1929, da wani daga Kano zuwa Nguru a 1930, yayin da layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal saboda kwal ɗin Inugu, ya ratso Kafanchan ya haɗu da na yamma a Kaduna, bai kuma kai Maiduguri ba sai a 1964.

Abin da ya fi wannan jeri muhimmanci shi ne yadda tasha ta sake wa garuruwa fasali. A Kano an ajiye ta ne a wajen ganuwa, ta gabas, kuma cikin 'yan shekaru kamfanonin sayen gyaɗa da fata suka kafa kantuna da rumbuna a kewayenta, aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu, Fagge ta cika da fatake da dillalai, Turawa kuma suka keɓe wa kansu Nassarawa. Da haka nauyin ciniki ya soma barin Kurmi, kasuwar da ayarin raƙuma ya raya ɗaruruwan shekaru, ya koma yankin da a yau Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari suke. Kaduna kuwa dogo ne ya haife ta ɗungurungum, domin kasancewarta kan layin na cikin dalilan da suka sa aka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru aka kai ta can a 1917, kuma Zungeru ba ta sake komawa yadda take ba.

Hukumar jiragen ƙasa da aka kafa a 1955 ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 a 1964, daga nan al'amura suka yi ta ja da baya, saboda yaƙin basasa ya lalata layin gabas, kuɗin man fetur ya karkata hankalin gwamnati ga tituna, tireloli da tankoki suka ƙwace dakon kaya, taragu da kawunan jirgi kuma suka tsufa ba tare da an sauya su ba.

Fahimtar rigimar yau na buƙatar sanin abin da injiniyoyi ke kira faɗin layi, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo guda biyu da ƙafafun jirgi ke bi. Tsohon layin Turawa faɗinsa milimita 1,067 ne, shi ake kira ƙuntataccen layi, sabon da ake shimfiɗawa kuwa milimita 1,435 ne, wanda ya fi ɗaukar gudu da nauyi, kuma jirgin da aka ƙera domin ɗaya ba zai hau ɗayan ba. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar dala biliyan 8.3 domin faffaɗan layi daga Legas zuwa Kano, gwamnatin marigayi 'Yar'aduwa ta dakatar da ita, daga bisani aka yanke shawarar yin aikin gunduwa-gunduwa gwargwadon bashin da aka samu. Wannan shawara ce ta buɗe ƙofar siyasar shiyya, domin da zarar an ce za a yi wani yanki kafin wani, dole a tambayi dalilin da ya sa aka fara da shi. An buɗe Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, a Yulin 2016, da Itakpe zuwa Warri a 2020 bayan fiye da shekara 30 da fara shi, da Legas zuwa Ibadan, kilomita 157, a Yunin 2021, sai dai tsakiyar aikin Legas zuwa Kano, wato daga Ibadan zuwa Abuja, har yanzu tana kan takarda.

Layin Abuja zuwa Kaduna ya isa misali na yadda ake gina dogo a manta da gari. Tashar Kaduna tana Rigasa, a ƙaramar hukumar Igabi, can yammacin birni, ta Abuja kuma tana Idu, yankin masana'antu da ke nesa da inda galibin ma'aikata ke kwana, shi ya sa da yawa suka fi son sauka a Kubwa. Mai tafiya daga Kawo ko Barnawa sai ya ratsa gari kafin ya ga jirgi, idan kuma jirgi ya tsaya, ƙofar tashar Rigasa takan cika da direbobin tasi da masu keke mai ƙafa uku da 'yan dako, kowa na kiran sunan unguwa, ga masu tallan ruwa da abinci sun yi layi a gefen titi. Ba wanda ya tsara wannan kasuwa, ita ta tsara kanta, kamar yadda shaguna da gidajen haya suka yi ta tsirowa a hanyar tashar, filaye kuma suka yi tsada a hannun waɗanda suka riga kowa sanin inda za a ajiye ta.

Abin da ya cika taragun wannan layi tun farko shi ne tsoron masu garkuwa da mutane a kan titin mota, har ta kai manyan jami'ai da hafsoshi suna rububin tikiti tare da talakawa, 'yan cuwa-cuwa kuma suna sayar da shi ninkin kuɗinsa, lamarin da ya sa aka koma sayarwa ta intanet a farkon 2021. A daren 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka dasa nakiya a kan digar, suka kashe fasinjoji, suka yi awon gaba da fiye da 60, kuma jirgi bai dawo aiki ba sai a Disamban wannan shekara. Tun daga lokacin ya zama dole a riƙa lissafa kuɗin tsaron layi a cikin kuɗin tafiyar da shi, wanda hakan ke ƙara nauyi a kan aikin da kuɗin tikiti kaɗai ba ya iya biyan bashinsa, kamar yadda abin yake a jiragen fasinja na yawancin ƙasashen duniya.

Babu aikin da ya tayar da ƙurar siyasar shiyya kamar layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda majalisar zartarwa ta amince da shi a Satumban 2020 a kan dala biliyan 1.96, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, aka kuma aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Zai ratsa Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Ƙungiyoyin kudu maso gabas da na yankin Neja Delta sun yi ƙorafin cewa ana kai faffaɗan layi wata ƙasa alhali layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ya ratsa jihohinsu, gyaran ƙuntataccen layi kawai aka ce za a yi masa, wasu ma suka danganta aikin da kasancewar marigayi Shugaba Buhari ɗan Daura ne. Ƙorafin faɗin layi yana da gaskiya, kuma ya kamata a lura cewa bai tsaya ga kudu ba, domin Bauchi da Gombe da Maiduguri ma a kan wannan tsohon layi suke. Ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, wanda shi kansa ɗan jihar Ribas ne, ya kare aikin da cewa Nijar ba ta da teku, kayanta suna bi ta Kwatano da Lome, kuma dogo ne zai jawo wannan ciniki zuwa Legas.

Ga wanda ya san yankin, maganar cewa Maraɗi baƙuwar ƙasa ce ba ta da ƙarfi sosai, domin zuriyar sarakunan Katsina na kafin jihadi ce ta kafa ta, har yau kuma sarkinta Sarkin Katsina ake ce masa, hatsi da wake da dabbobi suna kai-kawo tsakaninta da Jibiya da kasuwar Dawanau tun kafin a san za a yi wani layi. Raunin aikin yana wani wuri dabam, domin hujjar da aka kafa shi a kanta ita ce kai kayan Nijar bakin teku, alhali taragon da ya taso daga Maraɗi ba zai isa tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas a kan faffaɗan layi ba sai an gama Kano zuwa Kaduna, wanda aka ƙaddamar a Yulin 2021, an kuma gina Abuja zuwa Ibadan, wanda ba a fara ba. Rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wanda ya ɗauki watanni kafin a janye shi a Maris na 2024, ya nuna cewa siyasa tana iya tsayar da ciniki ko da dogo na shimfiɗe. Nijar ɗin ma tana da nata izina, domin layin da kamfanin Bolloré na Faransa ya gina daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikin buɗe shi a 2016, ya zauna babu jirgin haya, tunda ba a haɗa shi da layin Benin da ya tsaya a Paraku ba.

Jirgin cikin gari, wato ƙaramin jirgin da ke jigilar mutane tsakanin unguwannin birni ɗaya, shi ma bai tsira daga siyasa ba. Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da irinsa a Legas a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985, birnin bai ga jirgi na kansa ba sai a Satumban 2023, lokacin da aka fara ɗaukar fasinja a kilomita 13 na farko daga Marina zuwa Mile 2, sannan layi na biyu daga Oyingbo zuwa Agbado ya biyo baya a 2024. Na Abuja an buɗe shi a 2018, an rufe a 2020 lokacin annobar korona, an sake buɗewa a Mayun 2024, amma ya bi ta Idu da filin jirgin sama da Kubwa, ya bar Nyanya da Mararraba, inda cunkoson ma'aikata ya fi ko'ina tsanani safe da yamma. Wani sauyi mai muhimmanci ya auku a Maris na 2023, lokacin da gyaran tsarin mulki ya cire harkar jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu, ya mayar da ita cikin jerin da jihohi ma za su iya yi wa doka, saboda haka gwamna ba shi da sauran uzurin cewa Abuja ce ta ɗaure masa hannu.

A Kano gwamnatin Ganduje ta sanya hannu da wani kamfanin Sin a 2016 a kan jirgin cikin gari na dala biliyan 1.85, 'yan adawa suka yi fatali da bashin da za a ci, aikin kuma bai tashi ba, gwamnatoci masu bin juna suka ci gaba da zuba kuɗi a gadojin sama da na ƙasa, daga Ƙofar Nassarawa zuwa Dangi da Hotoro, ga shi kuma tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013 A Daidaita Sahu ke ɗauke da birnin. Gada tana da farin jini a wurin ɗan siyasa saboda ana gama ta cikin wa'adi ɗaya a kuma liƙa mata suna, jirgi kuwa yakan ci wa'adi uku, wanda ya fara ba shi ke yanka zare ba.

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar cikin birane a hannun gwamna, tsarin mulki kuma ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota, ma'ana ko da tarayya ce ta gina tasha, abin da zai faru a kewayenta yana hannun jiha ne. Kafin jirgi ya fara tsayawa a sababbin tashoshin Kano da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ya kamata gwamnatocin Kano da Jigawa da Katsina su fito da taswirar yankin kowace tasha a bainar jama'a, su ware wurin kasuwa da na bas, su kuma bayyana sunayen waɗanda aka ba filaye da diyyar da aka biya manoman da aka karɓi gonakinsu.