YADDA AKE RENON GAJEREN WARDI A GARKA

Mutane da yawa sun san ruwan wardi da turaren wardi na kasuwa. Amma kaɗan ne suka taɓa ganin itacen da idonsu. Wardi ƙaramin itace ne mai ƙaya. Furensa yana da kyau ƙwarai. Faransawa suna ce masa roz.

Wardi iri-iri ne. Wanda ake turare da shi daban yake, ana noma shi a Maroko da Turkiyya da Iran. Akwai mai hawan bango. Akwai dogo mai babban fure guda a kan kowane reshe. Sannan akwai gajere, mai fure gungu-gungu. Tsayinsa daga gwiwa ne zuwa ƙugu. Reshe guda yakan ɗauki fure 5 ko 10, ko fiye. Akwai ja, akwai fari, akwai rawaya. Ƙamshinsa ba shi da yawa, amma yana daɗewa yana fure, kuma ba ya cin wuri. Shi ne ya fi dacewa da kusurwar garka ko tsakar gida.

DAGA INA YA FITO?

Kakansa wani wardin daji ne na ƙasashen Japan da Koriya da Sin. A shekarar 1875, a birnin Liyon na Faransa, wani mai renon furanni mai suna Guillot ya fito da gajeren irin na farko. Aka kira wannan dangi Poliyanta, wato mai fure da yawa. Daga baya, a ƙasar Danmak, mutanen gidan Poulsen suka haɗa shi da wardi mai babban fure. Abin da aka samu shi ake kira Filoribunda.

Waɗannan ƙasashe duk masu sanyi ne. Ko a Afirka, inda wardi ya fi jin daɗi shi ne kan tuddai masu sanyi, kamar na Kenya da Habasha da Jos ta Najeriya. A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai kuwa, zafin bazara yakan wuce digiri 40. Saboda haka babban abokin gabar wardi a Nijar shi ne zafi da ƙishirwa. Wanda ya gane wannan, wardinsa zai rayu. Wanda bai gane ba, zai yi asarar kuɗinsa da ruwansa.

LOKACI DA WURI

Lokacin dashe shi ne farkon ɗari, daga Nuwamba zuwa Disamba. Itacen zai sami wata uku ko huɗu yana kafa saiwa kafin zafi ya zo. Wanda aka dasa cikin Afirilu ko Mayu, da wuya ya kai damana.

Wardi yana son rana, amma ta safe. A zaɓi wurin da rana ke bugawa daga hantsi zuwa tsakar rana, inuwa kuma ta rufe shi da azahar. Gabas da bango ko gabas da darni ya yi daidai. Kada a dasa shi a gindin babban itace, don saiwoyin babban za su shanye masa ruwa. Kada kuma a sa shi inda ruwan sama ke kwanciya. Saiwarsa tana ruɓewa cikin taɓo.

A kewaye wurin da ƙaya ko da zana. Akuya ba ta tsoron ƙayar wardi. Cikin ɗan lokaci kaɗan sai ta cinye aikin wata shida.

RAMI DA TAKI

A haƙa rami kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi, wato kamar santimita 50. Ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa. Sai a gauraya kashi biyu na ƙasar ramin da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. In rairayi ya yi yawa, a ƙara ƴar laka. In laka ce zalla, a ƙara rairayi.

Taki ya zama tsoho, wanda ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, kuma yana kiran gara. In itacen ya fi ɗaya, a bar kamu ɗaya tsakaninsu, don iska ta ratsa.

YADDA AKE SAMUN IRI

Hanya biyu ce. Ta farko, a saya wurin masu renon itatuwa na birni, cikin leda. A duba wanda ganyensa kore ne shar, mai rassa uku ko fiye. A tambayi mai sayarwa ko irin ya taɓa ƙetare bazara a wurinsa. A dasa da marece. A yanke ledar a hankali, kada ƙasar da ke riƙe da saiwa ta watse. A cika ramin, a danna, a ba shi bokiti guda na ruwa.

Wani wardin mai aure ne, kamar mangwaro. Ana gane shi da ƙullin da ke gindinsa. Duk tsiron da ya fito daga ƙarƙashin ƙullin, na daji ne. A cire shi tun yana ƙarami, in ba haka ba zai rinjayi na kirkin.

Hanya ta biyu ba ta cin ko dala. A roƙi reshe wurin mai wardi. A zaɓi reshen da ya gama fure, mai kaurin alƙalami. A yanka guntu mai tsawon santimita 20, mai ido huɗu. A cire ganyen ƙasa, a bar biyu a sama. A soka shi cikin tukunya mai rairayi, kashi biyu cikin uku a binne. A ajiye a inuwa, kada ƙasar ta bushe. Bayan mako 6 zuwa 8 saiwa takan fito. Ba duka ke kamawa ba. Mai son biyu ya soka goma.

BAN RUWA

A zuba ruwa a gindi, ba a kan ganye ba. Da ɗari, rabin bokiti kowane kwana biyu ya isa. Da bazara, sai kullum, da sassafe ko da marece. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ganyen dogon yaro, don damshi ya daɗe. Amma kada ciyawar ta taɓa jikin itacen, kuma a riƙa ɗaga ta ana duba gara.

Ga dabarar rage ɓarnar ruwa. A binne ƙaramin tulu kusa da gindin har wuya. A cika shi, a rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan, saiwa tana sha.

Ruwa mai gishiri ko mai kanwa yana ƙona bakin ganye. Haka ma ruwan wanki mai sabulu. Amma ruwan alwala da na wanke hatsi ba su da laifi. Gidan da ya tara su, ya sami na wardi ba tare da jan guga ba.

In zafi ya tsananta, furen yakan ƙanƙance, wani lokaci ya tsaya ɗungum. Ba mutuwa ba ce. A yi masa ƴar rumfa ta kara, a daina sa taki, a ci gaba da ruwa. Zai farfaɗo.

YANKA

In gungun fure ya bushe, a yanke shi duka da wuƙa mai kaifi. A yanka daidai bisa ganyen farko mai kunne biyar. Daga nan sabon reshe zai fito da sabon fure. In an bar busasshen, itacen zai koma yin ƴaƴa, fure ya ragu.

Sau ɗaya a shekara, bayan ɗaukewar damana, a yi babban yanka. A cire matattun rassa da sirara da masu gogar juna. Sauran a rage kashi ɗaya cikin uku na tsayinsu. A zuba tiya guda ta ruɓaɓɓen taki, a ba da ruwa. Bayan kamar kwana 45 fure zai buɗe, daidai cikin sanyi.

ƘWARI DA CUTA

Darɓa takan taru a kan sabon toho tana tsotsa. Maganinta yana nan kusa. A daka rabin kilo na ƙwallon dogon yaro, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana. A tace, a yayyafa da marece.

Da damana, baƙin tabo yakan fito a ganye, ganyen ya yi rawaya ya zube. A tsince waɗanda suka kamu, har da na ƙasa, a ƙone su. In abin ya faskara, a nemi shawarar malamin gona.

ABINCI TUKUNA

Wardi ba ya cika rumbu. Mai garka ya fara shayar da albasa da tumatir da shu da salati. Inda rijiya ke ƙafewa da bazara, kada a dasa da yawa. Guda ɗaya ko biyu sun isa a fara koyo da su.

Amma wanda hannunsa ya faɗa, yana iya samun ɗan abin sayen gishiri. Mutanen birni suna sayen ƙananan wardi cikin leda don gidajensu da ma'aikatunsu. Itace guda mai lafiya yana ba da rassan dashe kowace shekara. Kuma ƙofar makaranta ko ta ɗakin yaƙi da jahilci takan yi kyau da shi.

Wanda ke so ya gwada, ya tara takinsa tun da kaka, ya haƙa raminsa, ya jira sanyin Nuwamba.