Ɓarawon da ke zuwa duk wata

Ga kacici-kacici. Wane ɓarawo ne yake shiga gida sau ɗaya a wata, a unguwar dogayen katanga irin Nassarawa GRA ta Kano, maigadi bai gan shi ba, kare bai yi haushi ba, amma ya sace kwana uku cur ya tafi?

Gidan yayata ne, kusa da titin Sultan, kuma kwanakin 'yarta ake sacewa. Tun tana sakandare, da zarar al'adarta ta kusa sai mara ta murɗe, ƙugu ya riƙe kamar an buga ƙusa. Ta yi amai, ta kwanta a kan tayil tana juyi. Sai na naɗa kaina ɗan sanda.

Wanda aka fara tuhuma zaƙi ne. Kakarta ta yanke hukunci: a daina lemon kwalba, a jiƙa jar kanwa. Aka daina, aka jiƙa. Wata ya kama, ɓarawo ya dawo.

Na biyu sanyi. A Kano kusan duk ciwon da ya sauka ƙasa da cibiya sunansa sanyi. Yarinyar ta sha maganin ƙwayoyin cuta har ta gaji. Ya dawo.

Wata maƙwabciya ta yi ƙasa da murya ta ce aljani ne. Na so wannan tuhumar, don ta dace da marar tsallaka katanga, amma wane aljani ne yake bin kalanda haka? Sauran dangi suka ce, "Ki yi haƙuri, da kin yi aure zai daina." Ta yi aure.

Bai daina ba.

Hoton ciki bai nuna komai ba. Sai wata likitar mata ta yi tambayar da ba mu taɓa yi ba: "Idan kina al'ada, bayan gida yana miki zafi?" Ta sunkuyar da kai. Ta ce eh. Aka huda gefen cibiya, aka zura ƙaramar kyamara.

Ashe ɗan gida ne.

Sunansa endometiriyosis. Nama ne irin wanda ke shimfiɗe cikin mahaifa, amma ya je ya tsiro a waje: kan ƙwai, bayan mahaifa, wani lokaci har jikin hanji. Duk wata, sinadaran jiki da ke umartar mahaifa ta zubar da jini shi ma suna taɓa shi. Ya kumbura, ya yi jini, ga shi babu ƙofar fita. Sai kumburi, sai tabo, sai kayan ciki su manne da juna. Idan ya zauna a kan jijiyoyin da ke riƙe mahaifa ta baya, ƙugu ne ke biyan bashin. Ƙananan ɗigonsa kuwa sukan ɓuya wa hoto, shi ya sa ya daɗe yana mana dariya.

Tsohon mai laifi ne. Tun 1927 likitan Amurka John Sampson ya danganta shi da jinin al'ada mai komawa baya ta bututun mahaifa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana damun mata kusan miliyan 190. Aure ba ya korarsa, ciwon ma yakan jinkirta haihuwa.

An cire abin da aka gani, an ɗora ta kan maganin da ke rage ƙarfin al'ada. Likitar ta ce yana iya dawowa. Kakar kuwa har gobe ta rantse kanwarta ce ta yi aiki.