Gane hanya a ƙwaƙwalwar ƙwari

Gane hanya a wurin ƙwari shi ne yadda ƙwaro yake sanin inda ya fuskanta, da nisan da ya yi daga gida, da gefen da zai juya don ya isa inda ya nufa. Mafi yawan wannan aiki yana gudana ne a wani ƙaramin sashe da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda ake kira mahaɗar tsakiya. Ana samun sashen a ƙuda da ƙudan zuma da tururuwa da fara da buzuzu, kuma tsarinsa kusan iri ɗaya ne a dukkansu.

Kamfas ɗin cikin kai

A shekarar 2015, Johannes Seelig da Vivek Jayaraman na cibiyar bincike ta Janelia da ke jihar Bajiniya a Amurka sun ɗora ƙudan 'ya'yan itace, Drosophila melanogaster, a kan wata 'yar ƙwallo yana tafiya, suna kallon ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwarsa. Sun ga rukunin ƙwayoyi, waɗanda yanzu ake kira E-PG, a jere kamar zobe. A kowane lokaci wuri ɗaya ne kawai a zoben yake aiki sosai. Idan ƙudan ya juya, wurin sai ya matsa daidai gwargwadon juyin, kamar allurar kamfas. Ko a cikin duhu wannan alama ba ta ɓacewa, domin ƙwaƙwalwar tana lissafa juyin da jikin ya yi, sai dai kuskure yana taruwa a hankali har sai ido ya sake ganin abin da zai daidaita ta. Ƙwari da dama, har da farar hamada, suna daidaita kamfas ɗin da rana da kuma tsarin hasken sararin sama wanda idon mutum ba ya rarrabewa.

Juyawa dama ko hagu

Sanin inda aka fuskanta bai isa ba, sai an gwada shi da inda ake son zuwa. Wasu bincike biyu da aka wallafa a mujallar Nature a 2024 sun nuna cewa ƙwayoyin PFL3 ne suke wannan gwaji. Idan ƙudan ya kauce daga hanya, ƙwayoyin ɓangare ɗaya sukan fi na ɗaya ɓangaren aiki, sai saƙo ya gangara zuwa jijiyoyin da ke motsa ƙafafu ya juya. Idan ɓangarorin biyu suka yi daidai, sai ya miƙe.

Auna nisa

Fitaccen misali shi ne tururuwar hamada, Cataglyphis fortis, wadda Rüdiger Wehner ya daɗe yana nazari a Tunisiya. Takan yi ta kewaye neman abinci, amma da ta samu sai ta miƙe kai tsaye zuwa raminta. A 2006, Matthias Wittlinger da Wehner da Harald Wolf suka ƙara wa wasu tururuwa tsawon ƙafa da gashin alade bayan sun isa wurin abinci, wasu kuma suka rage musu. Masu dogayen ƙafafu suka wuce inda ramin ya kamata ya kasance, masu gajeru suka tsaya neman rami tun ba su kai ba. Da aka bar su suka yi tafiyar zuwa da ta dawowa da sababbin ƙafafun, lissafin ya koma daidai, abin da ya nuna cewa da takunta tururuwar take auna nisa.