Kar ku buɗe murfin lagireto mota na huci

Sau uku ke nan a mako guda ana turo mini wani saƙon murya a WhatsApp, wai "ilimin ruwan zafi". Ko wane ne ya naɗe shi, da ganin yadda yake zuba bai taɓa yi wa wanda ya ƙone jinya ba.

Wai ruwan da aka tafasa sau biyu guba ne: ƙarya. Wai gishiri na sa ruwa saurin tafasa: cokali guda ba ya canza komai da za ku lura. Inda ya ce ruwa ba ya tafasa a zafi ɗaya ko'ina, nan kam ya yi gaskiya. A bakin teku digiri 100 ne, a nan Dakoro kusan 99, a ƙolin dutsen Bagzan, mita 2,022, wajen 93, domin nauyin iskar da ke danne ruwan yana raguwa in an hau sama.

Abin haushin, wannan gaskiyar ce ke tona ƙaryarsa mafi muni: wai in mota ta yi zafi, a kwance murfin lagireto maza-maza "zafin ya fita", tururi ai iska ce.

Ku duba murfin, za ku ga an rubuta 0.9 ko 1.1. Danniya ce murfin ke riƙewa, ita ke hana ruwan tafasa har ya kai wajen digiri 120. Kana kwancewa danniyar ta tafi, ruwan ya tarar ya riga ya wuce ma'aunin tafasarsa, sai wani sashe ya zama tururi nan take. Lita ɗaya in ta zama tururi tana neman wurin lita kusan 1,700. Ina za ta samu? Sai ta yi waje da sauran ruwan, daidai fuskar wanda ya sunkuya. Tururin kuma ba iska ba ce: zafin da yake saki in ya koma ruwa a kan fata ya ninka fiye da sau biyar zafin da ke kai ruwan sanyi ga tafasa.

Ban ga laifin direban da ya yarda ba. Bazara ce, hanyar Maraɗi, fasinja na ta ƙorafi, kuma ya sha ganin yaron mota ya naɗe hannu da tsumma ya buɗe, bai ƙone ba. Sa'a ce kawai. Na ga wanda tasa ba ta zo ba, tabon tun daga haɓa har ƙirji.

A kashe mota, a ɗaga bonet, a ba ta aƙalla rabin awa. In tiyon saman lagireton na nan da tauri, da sauran danniya. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, a yi ta kwara masa ruwan sanyi minti 20, ban da man goge baki ko ɗanyen ƙwai, sannan a kai shi likita. Saƙon kuma, don Allah ya tsaya a wayarku.