Yawan ruwan da komar filankiton ke tacewa: daga teku zuwa tabkunan Adar

1. Gabatarwa

Filankiton su ne ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa, kuma da su ne ƴaƴan kifi ke fara rayuwa. Ana kama su da koma mai siffar mazurari wadda ake ja bayan jirgi. A nan za mu duba tambaya ɗaya: ruwa nawa ne ke ratsa komar?

2. Lissafi

A bisa ƙa'ida, ana ninka faɗin bakin koma da tsawon tafiya. Komar WP-2, wadda UNESCO ta bayyana a 1968 don aikin teku, bakinta murabba'in mita 0,25 ne, idon ragarta mikiron 200. In an ja ta mita 100, lissafi ya ba da mita kubik 25. Amma raga tana tare ruwa, sai wani sashe ya kauce ta gefen baki. Rabon da ya ratsa shi muke kira ingancin tacewa. Yana ƙaruwa in jimillar ramukan raga ta ninka faɗin baki sau da yawa. Yana raguwa in ramukan suka toshe. Masana sun ɗauki kashi 85 cikin 100 a matsayin iyaka: ƙasa da haka, koma ta toshe.

3. Halin Adar

Madatsun ruwan da Furojen Keita ya gina tun daga 1984, da tabkunan kwarin Magiya a gundumomin Buza da Madawa, ruwan damina ne ke cika su, ɗauke da laka. Irin wannan ruwa ya fi na teku saurin toshe raga. A misali, mu ce an kama halittu 3000, alhali kashi 60 kawai na ruwan ya ratsa, wato mita kubik 15. Mai bincike zai rubuta 120 a kowace mita kubik, ga shi kuwa 200 ne. Wanda ya dogara da adadin farko wajen zuba ƴaƴan karfasa ko tarwaɗa zai raina abincin da ke cikin tabki, masunta su yi hasara.

4. Kammalawa

Muna ba ɗalibai shawara uku: a gajarta ja, a ɗaura ma'aunin gudun ruwa biyu, ɗaya a bakin koma, ɗaya a waje, a gwama su, inda laka ta yi yawa, a ɗebi ruwa da bokitin da aka san awonsa, a tace shi da hannu.